Yadda ake hawa tsaunin ƙanƙara da allon zamiya a watan Afrilu da Mayu

Jama'a assalamu alaikum. Wannan bayanin na rubuta shi ne saboda ƙannenmu na nan yankin Birnin Kudu da Gwaram da suka samu karatu ko aiki a arewacin Italiya, su Torino da Milan da kewaye, kullum sai saƙo ya shigo wai yaya dan Allah ya ake hawa farin dutsen nan da muke hangowa ta tagar aji, sai kuma 'yan majalisarmu da har yau basu yarda mai cikakken hankali zai ɗaura allo a ƙafa ya nufi saman dutse ba. Toh ga yadda ake yi daki-daki, kuma dutse ɗaya zan ɗauka na yi ta misali da shi don kar maganar ta watse, wato Gran Paradiso da ke yankin Aosta, tsayinsa mita 4,061. Shi ne wanda yawancin mutane suke fara gwada kansu da shi kafin su yi tunanin Mont Blanc mai sama da mita 4,800. Don ka gane girman abin, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Najeriya, Chappal Waddi na Taraba, mita 2,419 ne, mu nan ƙasar Kano da Jigawa yawancin garuruwanmu ko mita 500 basu kai ba.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne duk harkar nan ta agogo ce. A Janairu da Fabrairu dusar ƙanƙarar da ke can sama sabuwa ce bata zauna ba, iska na kwasarta tana jibgewa gefe guda, ga sanyi ga rana gajeriya, ramukan da ke jikin daskararrun kogunan ƙanƙara kuma basu gama rufuwa ba. Sai daga ƙarshen Maris zuwa Mayu, daidai lokacin da mu muke shan zafin bazara a nan, sannan dusar take kwanciya ta haɗe. Da rana samanta ya narke, da dare ya daskare ya yi tauri, gobe ma haka. Da asuba tana da ƙarfi zata ɗauke ka, da hantsi samanta ya ɗan yi laushi kamar kaurin yatsa biyu, wannan shi ne lokacin daɗin saukowa, in rana ta take kuwa ruwa ya ratsa ta har ƙasa ta yi nauyi, daga nan sai ta fara zaftarewa tana gangarowa da duk abin da ta tarar. Kaga kenan dutse ɗaya, hanya ɗaya, da ƙarfe bakwai lafiya lau, da ƙarfe uku na yamma yana iya zama kabari.

Matakin farko ba a dutse yake ba, a asibiti yake. Je ka duba jininka. Wannan maganar ba kasafai abokanka Turawa zasu tuna su faɗa maka ba don bata dame su ba, amma mu ta dame mu. Mai sikila, wato SS, babu shi babu wannan harka, magana ta ƙare. Mai AS kuma wanda yake ganin ai shi lafiyarsa ƙalau, a sama inda iska ta yi ƙaranci yana iya samun toshewar jini a saifa, ciwo mai tsanani ya kama shi a gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari, musamman in ya haɗa da wahala da ƙishirwa. A mita 4,000 abin da numfashi ɗaya yake kawo maka na iskar da jiki ke buƙata wajen kashi 60 cikin ɗari ne kawai na wanda kake samu a bakin teku. Saboda haka in AS ne kai, ka zauna da likita ka gaya masa tsayin da zaka, ka kuma gaya wa wanda zai jagorance ka, kar ka ɓoye. Mai hawan jini da mai asma da mai ciwon zuciya suma haka.

Na biyu, ka iya zamiyar tukuna. Wallahi wannan shi ne inda yaranmu suke son tsallakewa, mutum ya ga bidiyo a TikTok ya ce ai ba wuya. Hawa ba shi ne matsala ba, duk wanda ya yi noma zai iya hawa, saukowar ce. Sai ka yi lokacin sanyi guda ko biyu, daga Disamba zuwa Maris, kana zuwa filayen zamiya da aka gyara inda keken igiya yake ɗaukar mutane zuwa sama. Daga Torino jirgin ƙasa yana kai ka Bardonecchia, akwai Sestriere inda aka yi wasannin Olamfik na hunturu a 2006, akwai Pila a saman garin Aosta. Ka biya malami ya koya maka, ka fara da hanya mai alamar shuɗi, ka koma ja, har ka kai kana sauko baƙar hanya ba tare da ka faɗi ba kuma kana iya tsayawa cak a inda aka ce ka tsaya. Bayan nan ka fara fita gefen hanya tare da malami inda ba'a gyara ba, domin dusar dutse kala-kala ce, akwai gari, akwai mai ɓawo a sama da ke fashewa in ka taka, akwai mai nauyi, akwai wadda ta koma ƙanƙara zalla. Ƙungiyar masu hawan dutse ta Italiya, CAI, wadda aka kafa a Torino tun 1863, rassanta suna shirya kwas na masu farawa duk hunturu, kuma kuɗinsa da sauƙi in aka kwatanta da ɗaukar malami kai kaɗai, ga katin ƙungiyar yana rage maka kuɗin kwana a masaukin dutse. In ni ne kai da wannan zan fara.

Ƙarfin jiki kuma a nan gida ma ana iya gina shi in ka zo hutu. Ka zuba yashi ko gero kamar kilo 8 zuwa 10 a jakar goyo, bayan sallar asuba ka nufi duwatsun Birnin Kudu ko na Dutse, in a Kano kake ga Dala ga Goron Dutse ga duwatsun Rano, ka hau ka sauko ka sake hawa har awa biyu ko uku ba tare da ka zauna ba. Wanda yake wajen da babu dutse ya nemi jigawa ya yi ta takawa, yashi yana cin cinya sosai. Ba gudu ake nema ba, abin da ake nema ka iya tafiyar awa shida zuwa takwas a hankali kana hira numfashinka bai sarƙe ba.

Sai kaya. Kar ka sayi komai da farko, haya ake bayarwa a Aosta da sauran garuruwan gindin dutse. Allon hawa ya fi na filin wasa rashin nauyi, kuma maɗaurinsa daban ne, yana kama takalminka ta gaba da wasu ƙananan ƙusoshi biyu ya bar dunduniya a sake don ka iya tafiya, in zaka sauko sai ka murɗa na baya ya kulle dunduniyar. Takalmin ma yana da wani ƙarfe a baya, ka ɗaga shi idon sawu ya samu motsi, ka sauke shi ya ƙame. Sai fata, ita ce sirrin abin gaba ɗaya. Wani dogon ƙyalle ne mai gam a gefe ɗaya da gashi a ɗaya gefen, ana manna shi a ƙarƙashin allon, gashin duk ya kwanta ya kalli baya, kamar dai ka shafa bayan akuya, daga wuya zuwa wutsiya hannunka zai wuce sumul amma in ka dawo da shi baya sai gashin ya tashi ya riƙe ka. Da can da fatar wata dabbar teku ake yi, yanzu da gashin wata irin akuya ko nailan ko haɗin biyun. Akwai kuma wani ƙarfe mai haƙora da ake saƙalawa a maɗaurin allon in dusar ta yi taurin da fata bata kamawa, da wasu ƙarafan masu haƙora na ƙasan takalmi na inda za'a ajiye allo a taka da ƙafa, da gatarin ƙanƙara, da ɗamarar da ake ɗaura igiya a jiki, da hular kwano, da sanduna biyu, da tocilan ta goshi.

Abu uku kuma ko jagora bai tambaya ba kar ka taka dusar dutse babu su, na'urar nema, da sandar soke, da shebur na ƙarfe. Na'urar ƙarama ce kamar waya, ana rataya ta a jiki ƙarƙashin riga, ba a cikin jaka ba, tana ta aika sigina a kan zango ɗaya da duk na'urorin duniya suke amfani da shi, kilohaz 457, in dusa ta binne mutum sai sauran su juya tasu ta koma nema. Ka nisanta ta da wayarka don waya tana rikita ta. Sandar kuwa a naɗe take, in aka warware tana kai santimita 240 ko fiye. A Italiya tun Janairun 2022 doka ce ma ka riƙe waɗannan ukun in zaka shiga inda dusa ke iya zaftarewa.

Tufafi, a taƙaice banda auduga. Singiletinka ta kasuwar Kwari in ta sha gumi bata bushewa, kana tsayawa zata koma sanyi a jikinka. Ulu ko roba a ciki, mai ɗumi a tsakiya, mai tare iska a waje, da wata jibgegiya a jaka ta lokacin tsayawa. Safar hannu biyu, siririya ta hawa da mai kauri ta sama. Duk mita 1,000 da ka hau sanyi yana ƙaruwa da wajen digiri 6 da rabi, kuma mu da muka tashi a zafi yatsunmu sun fi saurin mutuwa, in ka ji yatsa ya daina ciwo ya koma kamar ba naka ba ka faɗa nan take, kar ka yi jarumta. Sannan kar wani ya ce maka baƙar fata bata ƙonewa, dusa tana mayar da mafi yawan hasken rana sama ta buge ka ta ƙasan haɓa da cikin hanci, ka shafa man kariya da na leɓe, ka sa baƙin tabarau mai lamba 4 wanda ya rufe gefe. Wanda ya wuni babu tabarau da dare zai ji kamar an zuba masa yashi a ido.

Mataki na gaba, jagora da masauki. Ka nemi jagoran dutse mai shaidar ƙasa da ƙasa ta IFMGA, ofisoshinsu suna nan a kowane kwari, kar ka bi abokin ajinku don kawai ya taɓa zuwa. Ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ya fi sauƙi. Ka duba inshorarka ma, wadda ake yi don biza yawanci bata ɗaukar hawan dutse da jirgin ceto, ka nemi wadda ta rubuta shi ɓaro-ɓaro. Lambar gaggawa 112 ce. Hanyar Gran Paradiso tana farawa daga kwarin Valsavarenche, ƙauyen ƙarshe sunansa Pont, wajen mita 1,960, daga nan hawan awa biyu zuwa uku ne zuwa masaukin Vittorio Emanuele II da ke wajen mita 2,730. Akwai wani masaukin, Chabod, shi hanyarsa ta fi ratsa ramukan ƙanƙara. Wajen duk gandun daji ne na gwamnati tun 1922, zaka ga awakin dutse masu manyan ƙahoni suna kallonka ko gezau. A kama gado tun da wuri don ƙarshen mako a Afrilu cika yake, ka tafi da tsabar kuɗi da ɗan zanen kwanciya naka, ɗaki ɗaya ne mutum da yawa gado kan gado, munshari kuwa sai haƙuri. Lokacin da kake kama gadon ka gaya musu baka cin naman alade kuma kar a sa maka giya a miya, suna yi in an faɗa da wuri. Guzuri ka riƙe dabino da gyaɗa da cakulan da shayi mai zafi a fulas, amma kar ka ɗauko kilishi daga gida, nama baya shiga Tarayyar Turai a jakar matafiyi, a filin jirgi zasu karɓe. Alƙibla a can kudu maso gabas take, ba yadda muka saba a nan ba, maganar taimama da haɗa salla da shafa a kan safa kuma ka tambayi malaminka kafin ka tafi. In lokacin ya faɗo cikin azumi ni dai shawarata a ɗaga tafiyar.

Kar ka tashi daga Torino yau gobe ka ce sai ƙololuwa. Daga mita 2,500 ciwon tsauni yake fara kama mutane, ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, rashin son abinci. Ka ba jikinka kwana biyu ko uku, ku kwana a masauki ku hau wani ƙaramin dutse na kusa ku dawo ku sake kwana. In ciwon kan ya ƙi jin magani, ko mutum ya fara tangaɗi yana magana ba kan gado, ko yana haki alhali a zaune yake yana tari mai kumfa, maganinsa ɗaya ne, a sauko da shi yanzu ko da tsakar dare ne.

Daren tafiya bayan cin abinci, ku zauna da jagora ku duba rahoton zaftarewar dusa. A duk Turai awo ɗaya ne daga 1 zuwa 5, a Italiya AINEVA ke tattara shi, a Suwizalan SLF, a Faransa hukumar yanayi. 4 da 5 babu mai fita. Wanda ya fi cin mutane shi ne 3, saboda mutane suna ganinsa a tsakiya su ce ai da dama-dama, mai farawa ya tsaya a 1 da 2. A wannan lokacin na shekara zaka ga rahoton ya rabu biyu, da safe lamba kaza da rana ta haura, wannan shi ne agogon da nake ta faɗa. Gangaren da ya fi zaftarewa shi ne mai karkatar digiri 30 zuwa 45, kuma ba wanda kake kai kaɗai ba har wanda yake samanka. Sannan kafin ka kwanta ka leƙa waje. In taurari sun fito tar, dusa zata daskare da kyau. In hadari ya rufe sama, ɗumi baya fita, dusar zata kwana a jiƙe, kuma da asuba in ka taka ƙofar masauki ƙafarka ta nutse har gwiwa toh ranar ta lalace tun ba'a fara ba, jagoran kirki zai ce a fasa ko a rage hanya, kar ka yi masa gardama don ka biya kuɗi.

Ka shirya jakarka tun dare, ka manna fata a allo, ka kwana da waya da batir cikin bargo. Ana karyawa wajen ƙarfe huɗu ko biyar, da sanyin safiya ake kama fara. A bakin ƙofa jagora zai tsaya kowa ya wuce ta gabansa ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar na'urar kowa tana aikawa. Ka fita kana ɗan jin sanyi, in ka fita da ɗumi minti goma zaka jiƙe da gumi.

Tafiyar kanta, kar ka ɗaga allon, ja shi zaka yi a ƙasa, ƙafa ɗaya ta zame gaba ka ɗora nauyinka a kanta sannan ɗayar ta biyo. Zaka ji sautin fatar shuu shuu a kan ƙanƙara, in kana jin ƙwas ƙwas toh ɗagawa kake kana ɓata ƙarfinka a banza. In hanya ta miƙe sama jikinka zai so ya sunkuya gaba, kar ka yarda, da ka sunkuya nauyi ya bar dunduniya sai fatar ta saki ka zame baya. Miƙe ƙirji, kalli gaba, danna dunduniya. A bayan maɗaurin akwai ɗan tudu da ake juyawa da kan sanda ya ɗaga maka dunduniya a wurin tsayi. Ba'a hawa a miƙe, ana yin gicciye ne ana juyowa, kuma juyowar nan ita ce ke kunyata mutane. Ga yadda take, ka tsaya allunanka biyu a kwance a gicciyen gangare, ka tattaka na ƙasa ya zauna sosai, ka kafa sanduna, ka ɗaga ƙafar da ke sama ka juya ta gaba ɗaya ta kalli inda zaku koma, yanzu ƙafafunka sun kalli gabas da yamma, ka mayar da nauyi kanta, sai ka ɗaga ɗayar ka ɗan buga dunduniya don bakin allon ya tashi ka zagayo da shi kusa da gwiwa ka ajiye. Ka koye ta a ƙasa sau ɗari kafin ranar, don a sama a kan tauri babu wurin koyo. Ƙarfen haƙoran nan kuma a sa shi tun kafin a shiga wuri mai santsi, ba sai kana tsakiya ƙafa na rawa ba. Wannan gefen na Gran Paradiso yamma yake kallo, rana bata isowa da wuri, don haka da safe tauri ne sosai.

Daga masaukin zuwa sama wajen mita 1,300 ne, a lissafin mita 300 zuwa 400 duk awa kaga awa uku da 'yan kai zuwa huɗu da 'yan kai kenan. Duk awa a tsaya minti biyar, kurɓi shayi, dabino biyu, a wuce. A wuri mai tsayi a bar tazarar kamar mita 10 tsakanin mutum da mutum don kar nauyi ya taru waje guda. In kun hau kogin ƙanƙara ɗamara tana jikinka tun daga masauki, in jagora ya ce a ɗaura igiya sai a ɗaura, ka bar ta a ɗan miƙe tsakaninka da na gabanka kar ta yi ta jan ƙasa, domin ramukan nan dusa ce ta yi musu gada a sama baka ganinsu, wani zurfinsa ya fi rijiya. Ka bi sawun jagora sak, ko fitsari zaka yi kar ka kauce, kuma kar ka cire allunanka biyu lokaci ɗaya sai ya ce, faɗinsu ne yake raba nauyinka.

Tun a masauki za'a yanka lokacin juyawa, misali a ce ƙarfe goma sha ɗaya ko mun kai ko bamu kai ba. In lokacin ya yi a juya, ko da kana hango mutane a sama suna ɗaukar hoto.

Dab da ƙarshe ana ajiye alluna a soke su a dusa, a ɗaura ƙarafan takalmi, a bi wani siririn gefen dutse da igiya zuwa inda aka kafa wani farin mutum-mutumi na Nana Maryam. 'Yan mitoci ne kawai amma gefe ɗaya rami ne mai nisa, ga cunkoso masu zuwa da masu dawowa, nan ne ake ɓata lokaci. In layi ya yi tsawo ko iska na kaɗawa, tsayawa a wurin ajiye alluna ba abin kunya bane.

Shirin saukowa a yi shi da tsari, fara sa jibgegiyar riga, ka ɓare fata ka ninke ta ka cusa cikin riga don gam ɗin kar ya daskare ko za'a sake buƙatarta, ka kankare ƙanƙarar da ta maƙale a ƙasan takalmi da ramukan ƙusoshin gaba, ka kulle takalmi, ka kulle dunduniya, ka buga ƙafa ka ji ta kama. Allo in ya kuɓuce a nan ya tafi kenan, don haka kullum a kife shi ko a soke shi. Jagora ne a gaba, ba'a wuce shi, in ya tsaya ka tsaya ta samansa ba ta ƙasansa ba don wataƙila bakin rami ya tsaya. A gangare mai haɗari mutum ɗaya ke sauka sauran suna kallonsa daga wurin da babu abin da zai faɗo musu. Sama zaka tarar da tauri, ka yi a hankali da gefen allo, tsakiya zaka samu laushin nan mai daɗi, in ka fara ganin dunƙulen dusa suna gangarowa da kansu ko sandarka tana shigewa har hannu ko takalmi yana nutsewa in ka taka, rana ta riga ku, a bar gindin manyan gangare a yi sauri. Cinyarka zata yi zafi, ka dinga tsayawa, yawancin karaya da gocewar gwiwa a ƙarshen rana suke faruwa lokacin da mutum ya gaji.

In Allah ya kawo tsautsayi dusa ta kwashi wani, wanda aka tono cikin minti 15 na farko yawanci yana rayuwa, kusan tara cikin goma, bayan rabin awa kuwa abin ya ragu ƙwarai, kaga jirgin ceto ba zai riga ku ba, ku ne masu ceton. Ka kafa ido a inda ka gan shi na ƙarshe, ka tabbatar wata bata biyo baya ba, kowa ya juya na'urarsa zuwa nema, mutum ɗaya ya kira 112. A bi kibiya da lambar da na'ura ke nunawa, in ta sauko ƙasa da mita 3 a durƙusa a dinga jan ta dab da dusa gaba da baya, hagu da dama, har a sami lamba mafi ƙanƙanta. Nan za'a fara soka sanda ana zagayawa da tazarar kamar taki ɗaya na hannu, in ta taɓa shi a bar ta a wurin, a koma ta ƙasan gangare a haƙo zuwa gare ta ana karɓa-karɓa, a fara neman fuska a buɗe masa baki da hanci. Wannan ba abin karantawa a waya bane kawai, ku binne jaka da na'ura a ciki ku yi ta gwadawa da agogo kafin ranar tafiya.

In kun iso masauki ku sha ruwa ku ci abinci amma kar ku miƙe ƙafa da yawa, sauran hanyar zuwa Pont ita ma rana tana dukanta. A watan Mayu sau da yawa dusar ƙasa ta riga ta narke, sai ka ɗaure alluna a jikin jaka ka ƙarasa da ƙafa ta cikin itatuwa da wannan takalmin mai nauyi. Na'urar nema kar ka kashe ta sai ka iso wurin mota. Fatar ka shanya ta a inuwa, banda kusa da wuta ko kan hita don gam ɗin yana lalacewa, kuma masu haya suna duba wannan kafin su mayar maka da kuɗin ajiyarka.